Daminar da Na Yi Ta Neman Rana

Bana ruwa ya yi jinkiri a Tambuwal. An yi shuka da ruwan farko, sai sama ta ɗauke, ta bar mutane suna ɗaga kai. Da liman ya sanar cewa za a fita roƙon ruwa, na bi jama'a zuwa filin idi, na juya rigata kamar yadda kowa ya juya tasa. Ina tsaye a sahu sai na ji kunya ta lulluɓe ni, irin wadda ke hana mutum duban na kusa da shi. Ba wanda ya yi mini komai. Wata damina ce ta faɗo mini a rai, wadda azumi ya zo a cikinta, yau shekara goma da 'yan kai.

A lokacin na gama karatun kwamfuta a Sakkwato, na yi bautar ƙasa, na yi yawon neman aiki har takalmana suka gaji da ni. Na tattara na koma ƙauyenmu da ke gefen Fakku, a ƙasar Kebbe. Babanmu ya rasu tun ina makaranta, gida yana hannun yayana Ummaru. Gandu ɗaya muke nomawa, mu da 'ya'yan baffanmu, rumbu ɗaya ake buɗewa, kwano ɗaya maza ke sa wa hannu a zaure. A gidanmu namijin da bai fita gandu ba, to ko tsufa ya zaunar da shi ko ciwo ya kwantar da shi. Babu na uku, sai da na zo na zama shi.

Abin da ya jawo haka wasu 'yan akwatuna ne guda biyu da na saya a wurin wani mai gyaran waya a Tambuwal. Rauta ake ce musu, na'urar nan da ke raba intanet a cikin gida ba tare da an ja waya ba. Kamfanin da ya ƙera su ya daina kula da su, mai gyaran ma neman kai yake yi da su. Ni kuwa na san akwai wata buɗaɗɗiyar manhaja da mutanen ƙasashe daban-daban ke haɗuwa suna rubutawa, kowa na iya karanta ta, ya gyara, ya ɗauka kyauta. Na ɗora ta a kan akwatin, komai ya tashi, ban da abin da aka yi akwatin dominsa. Cip ɗin da ke watsa wai-fai, wato 'yar ƙwayar na'urar da ke cikin akwatin, ya yi gum. Zuciyar manhajar, wadda muke kira kanel, ba ta san yadda za ta yi masa magana ba, don ba wanda ya rubuta mata direbansa, wato layukan umarnin da ke shiga tsakaninsu. Kamfani yana da nasa, amma a rufe yake, ba mai gani.

Na yi tambaya a dandalin masu manhajar. Wanda ke kula da ɓangaren wai-fai, wani bawan Allah a wata ƙasa mai sanyi da ban taɓa ganin fuskarsa ba, ya amsa mini a layi ɗaya cewa tun da akwatin yana hannuna, ai ni ya kamata in rubuta. Mai Gadi na sa masa suna, don duk ɗan gyaran da aka aiko, wanda muke ce wa faci, ba ya shiga kanel sai ya juya shi ciki da bai. Maganarsa ta hau mini kai. Har na hango sunana a cikin abin da duniya ke amfani da shi, ni Lawali ɗan gefen Fakku.

Matsalar ita ce wuta. Rautar tana iya tashi da wani tsohon batirin babur da nake da shi, amma batirin kwamfutata ya mutu tun a makaranta, ba ta kamawa sai rana na dukan ɗan farantin solar da na ɗora a kan kwanon ɗakina. Lokacin da rana ke ba da wuta kuma shi ne lokacin gona. Na ɗan jima ina raba ƙafa, in yi sharar gona rabi in sulale gida. Ummaru ba ya son aikin rabi. Wata safiya ya tsaya a ƙofar ɗakina yana kallon wayoyin da na baje a tabarma.

"Lawali, mi kaka yi da akwatin ga, kullum kana zugum awa mai jinya?"

Na yi masa bayani iya yina. Ya saurara har ƙarshe, abin da ba kowa ke yi mini ba.

"Wa yas sa ka?"

"Ba kowa, Yaya. Kuma babu biya cikinai."

"To wa za ya amfana?"

"Duk mai irin akwatin ga, ko ina shike."

Ya sosa gemu. "Gayya ta ke nan. An yi kira, kai ko ka amsa da sunan gidan ga. To na ɗauke maka noman bana har ka ida. Aje kalmenka."

Na yi godiya har da rusunawa. Na ajiye kalmen, fartanyar da nake noma da ita tun ina yaro, ina jin kamar an naɗa ni sarauta. Murnar ba ta yi nisa ba.

Ruwan farko ya zo da ƙarfi, ƙasa ta yi ƙamshi, aka fita da sungumi aka shuka gero da dawa. Tsiro ya fito kore shar, har ana zancen bana sai an ƙara rumbu. Sai ruwa ya ɗauke, aka ga watan azumi cikin wannan hali. Zafin da aka yi ba irin na bazara ba ne mai bushewa. Wani zafi ne mai nauyi, sama ta yi fari fat, iska ta tsaya cik, gumi ya fito ya ƙi bushewa. Ganyen gero ya nannaɗe, da safe ya ɗan buɗe, kafin hantsi ya sake rufewa. Rijiyar unguwa ta ja baya har sai da aka ƙulla wa guga wata igiya. Shanunmu suna dawowa daga kiwo haƙarƙari a waje, nonon da ake tatsa bai isa dama furar sahur ba.

Duk da haka maza ba su fasa fita ba. Da an sallame asuba za su saɓa kalme, su tafi su cire ciyawa a busasshiyar ƙasa don kada ta shanye ɗan danshin da ya rage, waɗansu su shiga daji saro wa dabbobi ganye. Ni kuma in zauna ina jiran rana ta hau kan sola. Gida ya zama daga ni sai mata. Daga ɗakina ina jin Inna, mahaifiyarmu, tana auna hatsin yini, ina kuma jin yadda yake raguwa, don ƙarar turmi takan canja in abin da ke ciki ya yi kaɗan. Kunu ya koma ruwa-ruwa. Tuwo ya ƙanƙance, tafasa da rama suka cike gurbinsa.

Buɗa-baki ne ya fi yi mini wuya. Hannuwan 'yan'uwana sun yi kanta, sun tsattsage, ƙasa ta shiga tsagun ta ƙi fita ko an wanke. Nawa kuwa sumul, kamar na mai sayar da turare. Ina kai loma ina jin kamar kowa na kallon hannun, alhali ba mai kallo. Na fara tsame hannu da wuri. Ummaru ya lura, sai ya riƙa turo mini tuwon gabansa yana cewa aikin kai ma yana cin abinci. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

A cikin wannan zaman direban ya fara numfashi. Ranar da sunan wai-fai ɗin ya fito a wayata na jima ina kallonsa kamar ban san shi ba. Yau a shagona na Tambuwal nakan aika faci kafin shayi ya huce, direban nan ma ya daɗe da shiga kanel, yana nan da sunana a samansa, kuma in wani ya yaba mini nakan kawar da zancen. A wancan lokacin kuwa sabis ɗin ƙauyenmu bai iya ɗaukar komai ba sai gaisuwa. Sai in jira ranar kasuwa, in cusa kaina a motar 'yan hatsi zuwa Tambuwal da azumi a bakina, in aika abin da na rubuta, in kwaso amsar wancan makon. Mai Gadi ba ya yabo. Zai dawo mini da facina ya yi masa kaca-kaca, har wurin da na bar sarari fiye da ƙa'ida sai ya nuna. Ina jin haushinsa a mota, in na isa gida in ga gaskiyarsa.

Akwai dai wata cuta da ta gagare mu duka. Da safe wai-fai lafiya lau. Da rana ta take tsaka sai 'yar fitilar akwatin ta mutu, ba za ta dawo ba sai bayan la'asar. Na zargi batir, na zargi wayoyi, na bi rubutuna layi-layi. Mai Gadi ya nemo irin akwatin ya kunna a teburinsa, ya ce nasa ko tuntuɓe bai yi ba. Ya ce ba zai karɓi direba mai suma ba, kuma ba zai iya maganin cutar da bai gani ba. Ya bar ni da kayana.

Wata rana hadari ya haɗo daga gabas tun da hantsi, baƙi ƙirin. Iska mai sanyi ta taso, mata suka kwashe shanya, aka jera tukwane da robobi a bakin indararo. Hadarin ya yi ta ruri, ya bi ta kanmu ya wuce, ya je ya zuba wa wasu. Mu ko ɗigo. Da na koma ɗaki sai na ga fitilar rauta tana ƙiftawa, ga shi azahar ta wuce. A nan na gane. Zafi ne. Cip ɗin yana da ma'aunin zafi a cikinsa, direban kamfani yakan duba shi ya sake daidaita rediyon cip ɗin, mai watsa wai-fai, yayin da zafi ke hawa, nawa kuwa bai san da zancen ba. A ɗakin Mai Gadi zafin ba ya taɓa kaiwa inda abin ke lalacewa. Gari ya yi tsit saboda hadarin da ya wuce, ni kuwa ina ɗaki kamar in yi rawa. Ranar na ci abinci da marmari, sauran suna haɗiyar nasu kamar magani.

Gane cutar daban, maganinta daban. Sai na karanta lambobin da cip ke bayarwa yayin da zafi ke hawa a hankali, in san inda zan sa direba ya gyara. Na yi wayo na ajiye akwati ɗaya kusa da murhun Inna, zafin ya zo masa gaba ɗaya, robar ta lanƙwashe, ya mutu murus. Saura ɗaya, ban kuma da halin yin wasa da shi. Ba abin da ke ba da irin zafin da nake so sai kwanon ɗakina da tsakar rana. Daga nan na zama mai buƙatar rana. Kullum da safe maza za su tsaya a ƙofar gida su dubi gabas, ni ma in tsaya a bayansu in duba. Ban taɓa buɗe baki na roƙi Allah ya hana ruwa ba, wannan kam ban yi ba. Amma in na ga sama garau, wani abu yakan saki a ƙirjina.

Da abin ya yi tsanani aka fita roƙon ruwa, tsofaffi da yara har da dabbobi. Geron da ke kan tudu ya riga ya ƙone, Ummaru ya ware irin sake shuka daga cikin abin da muke ci, ba tare da ya san ko za a samu ƙasar da za a zuba shi ba. Na juya rigata, na ɗaga hannu, amin ɗin da nake cewa ya fi na kowa ƙarfi. A lokacin na gama rubuta gyaran. Abin da ya rage mini rana ɗaya ce mai zafin gaske, in ga ko fitilar za ta haye.

Washegari rana ta fito yadda nake so. Ɗakina ya zama tanda, gumi na ɗiga a kan kwamfuta, lambobi na hawa, sun kusa kai inda akwatin ke suma. Sai haske ya dushe. Iska ta bugo ƙofa, na ji ɗigo ɗaya a kan kwano, na ji na biyu. Lambobin suka tsaya, suka fara sauka. Na fito bakin ƙofa. Ummaru ya shigo tsakar gida da gudu, rigarsa ta fara jiƙa, yana dariya, ban ga haƙoransa ba tun da aka kama azumi. Inna tana tsaye ta ɗaga hannuwa sama. Ni kuwa bakina ya riga ni.

"Kash, da ya ƙara haƙuri har gobe."

Ba da ƙarfi na faɗa ba, amma ruwan bai kai ga cika kunne ba tukuna. Dariyar ta bar fuskar Ummaru. Inna ta sauke hannuwanta ta juyo.

"Lawali, mi kac ce?"

"Bai ce komi ba, Inna," in ji Ummaru. "Ku tara ruwa."

Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a wurin ina jin da ma ƙasa ta tsage in shige. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kafinta ko bayanta.

Da asuba na riga kowa fitowa, sungumi a kafaɗata. Ranar sake shuka ce, ranar da ko mai zazzaɓi ake so ya lallaɓa ya fito, don danshi ba ya jira. Ummaru ya fito ya gan ni.

"Ina za ka?"

"Gona, Yaya."

"Ka ida aikinka?"

"Saura kaɗan."

Ya miƙo hannu ya zare sungumin daga kafaɗata, a hankali, ba da fushi ba. "To koma. Ni nac ce har ka ida, ba ni tashin magana. Mu mun samu abin da munka roƙa, kai ba ka samu naka ba tukuna." Ya miƙa wa ɗan baffanmu sungumin, suka wuce suka bar ni a ƙofar gida.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi ga kowa a garin, ni kuwa ban ga waɗanda suka fi su tsawo ba. Sama a rufe, yayyafi da safe, ruwa da marece. Kwaɗi suka cika gari da kuka, ciyawa ta tsiro, shanu suka fara ɗaga kai. Sola ba ta ba da wuta, kwano ba ya zafi, ba ni da abin yi sai zama ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar da ban taka ba. Inna tana amsa gaisuwata, iyakarta ke nan. A zaure ba wanda ya tayar da zancen, Ummaru dai ya daina turo mini tuwo. Na je in ba shi haƙuri, ya ce ba shi na yi wa ba. Har na yi tunanin jefa akwatin a rijiya, sai na tuna ko na jefa ban ida ba, kuma ba hanyar komawa gandu sai ta idawa. Idawa tana son rana, ni kuma na ji tsoron ko da ɗaga kai in dubi gabas.

Azumi ya kusa ƙarewa sai wata safiya gari ya waye garau. Na gani ta ƙasan ƙofa. Ban tashi ba. Na ja ƙofar na kwanta na juya wa akwatin baya, don ban so a ce an gan ni ina ɗokin rana. Kwano ya fara ƙara yana ɗaukar zafi, ina kwance ina ji.

Rana na gab da take tsaka na ji an turo ƙofa. Ummaru ne, laka har gwiwa, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Gandunmu ba kusa yake ba, kuma ban taɓa ganin ya baro shi a irin wannan lokaci ba.

"Tashi," ya ce. "Rana ta fito, irin wadda kaka so. Gabas na haɗa hadari, in ka tsaya ta rufe."

Na kasa dubansa. Na tashi na jona wayoyi. Na ɗauka zai koma, sai ya shigo ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, a cikin wannan tandar, da azuminsa. Lambobi suka fara hawa, gumi na zuba mana, shi yana kallon fitila ni ina kallon kwamfuta. Suka kai inda akwatin ke suma. Direba ya duba ma'auni, ya daidaita rediyo, na ga layin da ke nuna hakan ya fito a kwamfuta. Lambobi suka ci gaba da hawa.

"Nan taka mutuwa?" ya tambaya.

"Nan, Yaya. Har an wuce."

"Ga ta ko tana ƙifce-ƙifce."

Muka zauna har aka kira azahar, har inuwa ta juya, fitilar ba ta ɗauke ba. Na adana shaidar da Mai Gadi ke nema, na rufe kwamfutar.

"Ka ida ke nan?"

"Sai na kai Tambuwal na aika. Amma na ida."

"Kasuwa ba yau ta ba," ya ce, ya dafa bango ya miƙe. "Mu yi salla mu tafi. Ciyawa ta taso ma geron fadama."

Na bi shi a baya har gona, kaina a ƙasa. 'Ya'yan baffanmu suka ɗago suka dube ni, suka mayar da kai ga aikinsu. Ummaru ya nuna mini layin da ke gefen nasa, muka duƙa. Bayana ya manta duƙawa, tafin hannuna ya yi bororo tun ban yi nisa ba, numfashina na fita da ƙyar. Ban kai rabin layina ba shi ya kai ƙarshen nasa. Bai miƙe ya huta ba. Ya tsallako cikin nawa daga can ƙarshe, ya fara nomowa yana tahowa wajena. Na ƙara sunkuyar da kai na ci gaba da sara, hawaye na haɗuwa da gumi, ina jin ƙarar kalmensa tana matsowa.